Rijiya ta bayar, guga ya hana: wace doka ce ke kai ƙarin albashi hannun masu jinya a gida?

Duk wanda ya zauna da 'yan'uwanmu mata da ke aikin jinya a gidajen Bronx a birnin Niyok na Amurka, ko waɗanda suka tafi Ingila da bizar kula da tsofaffi, ya san hira ba ta yin nisa sai an gangaro kan takardar albashi. Aikin dai sananne ne. Ki shiga gidan tsohon da ba ki haɗa jini da shi ba, ki yi masa wanka, ki sauya masa ƙunzugu, ki juya shi a kan gado don kada bayansa ya yi gyambo, ki dafa masa abin da likita ya yarda ya ci, sannan ki zauna ki sake sauraren labarin da ya ba ki jiya da shekaranjiya. Babu mai musun cewa ladan wannan aiki ya yi kaɗan, har 'yan majalisa sun yarda. Wurin gyaran ne kawuna suka rabu, kuma a nan ake saurin rikita ma'aikata, domin kowace doka da sunan ƙarin albashi take yin sallama.

Na rubuta wannan ne saboda wadda ƙungiyarta za ta miƙo wa takarda a ce ta sa hannu, da wanda ɗan takara zai tarar a masallacin unguwa da alkawarin zai ƙara wa masu jinya kuɗi, da iyalin da ke da tsoho a kwance suna jiran a turo musu mai kula da shi. Hanyoyin da majalisu ke bi uku ne, kuma nesa suke da juna.

Sai dai kafin a shiga cikinsu, a fara gane abin da ya raba wannan aiki da na gidan abinci. Idan aka ƙara wa mai soya kaza albashi, mai gidan zai ɗan ɗaga farashin kaza, magana ta ƙare. Kamfanin da ke tura masu jinya gidaje ba shi da wannan dama, don ba shi ke yanka farashi ba. A Amurka, Medicaid, shirin lafiyar masu ƙaramin ƙarfi wanda gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa, shi ne babban mai biyan jinyar gida ta dogon lokaci. A Ingila ƙananan hukumomi ne ke sayen awannin. A Jamus inshorar jinya ce, wadda aka kafa a 1995. Ke nan kowace awa ta aiki lamba biyu gare ta: abin da ke shiga jakar ma'aikaciya, da abin da gwamnati ke biyan kamfanin da ya turo ta. Daga ta biyun ake fitar da ta farkon, a fitar da haraji, da inshora, da hayar ofis, da albashin mai tsara jadawali, da riba. Gwamnati ce rijiya, kamfanoni ne guga. Dokar da ta taɓa lamba ɗaya ta bar ɗayar, rabin aiki ta yi.

A rubuta adadin a cikin doka

Wannan ce ta fi daɗin ji, kuma ita ce ta fi saurin kai kuɗi. Majalisa ta ce daga ranar kaza, kada a biya mai jinya ƙasa da dala kaza a awa. Ba sai an yi wa kowa fashin baƙi ba. Ma'aikaciya ta duba takardarta ta ga an cika ko ba a cika ba, in ba a cika ba ta san ofishin da za ta kai kuka. Wannan babbar fa'ida ce ga macen da Turancinta bai nuna ba, ko wadda ke tsoron ɗaga murya kada a rage mata awanni.

Jihar Niyok ta bi wannan hanya, kuma abin da ya biyo baya ya cancanci a zauna a kansa. Masu fafutuka sun nemi a ɗaure albashin mai jinya a kan kashi 150 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi, wato dala 22.50 a cikin birnin Niyok, lokacin da mafi ƙarancin yake dala 15. Abin da kasafin 2022 ya bayar shi ne ƙarin dala 3 a zubi biyu: dala 2 daga 1 ga Oktoba 2022, sauran dala 1 bayan shekara. Dala 2 ta shiga, albashi ya koma 17. Kafin ranar dala ta ukun ta zo, kasafin 2023 ya sake lale. Aka kai albashin dala 18.55 daga Janairun 2024, sai 19.10 a 2025, sai 19.65 a 2026. A ido ƙari ne. Amma mafi ƙarancin albashin kowa da kowa shi ma ya tashi zuwa dala 16, da 16.50, da 17 a waɗannan shekaru, don haka ratar da ke tsakanin mai jinya da mai share shago ba ta taɓa kai dala 3 ɗin da aka yi alkawari ba. Ga kuma wata dokar jihar ta 2011 da ta wajabta wani ƙari a kan kowace awar Medicaid, wanda ake bayarwa a matsayin alawus ko inshorar lafiya. A birni dala 4.09 ne, a Janairun 2024 aka mayar da shi 2.54. A lissafa: dala 1.55 aka ɗora a kan albashi, dala 1.55 aka zare daga alawus. Gaskiya ne tsabar kuɗi a hannu ta fi wa mata da yawa alawus ɗin da ba su cika ganin amfaninsa ba, amma jimillar tana nan inda take. An bayar da dama, an karɓe da hagu.

Gugan Niyok kuma biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. A mafi yawan lokuta jihar ba ta biyan kamfanin jinya kai tsaye. Kamfanonin inshora take ba kuɗi a kan kowane majinyaci duk wata, su kuma su yi ciniki da kamfanonin jinya. Da ƙarin 2022 ya zo, kamfanonin jinya suka yi ta kukan cewa doka ta tilasta musu sabon albashi, amma abin da 'yan inshora suka ƙara musu bai rufe giɓin ba. Ko wa ke da gaskiya a tsakaninsu, dokar ba ta rubuta nawa ne dole ya gangaro ƙasa ba, kuma ta nan bango ya tsage. Kamfanin da kuɗi bai ishe shi ba ba ya karya doka a fili. Awanni yake ragewa, ya ƙi karɓar majinyacin da gidansa ke nesa, ya bar mai jadawali ɗaya da aikin mutum uku.

Jihar Nevada ta Amurka ta toshe wannan kafa da dabara mai sauƙi. A 2023 majalisarta ta rubuta lambobin biyu tare: dala 16 ga ma'aikaciya, dala 25 ga kamfani a kowace awa daga Medicaid, daga Janairun 2024. Kowa ya san rabonsa, ba mai laɓewa bayan wani. In dai adadi za a rubuta, haka ya kamata a rubuta shi.

Amma ko an rubuta biyun, adadi yana da magabcin da ba ya iya wa, shi ne lokaci. Niyuzilan ta fi kowa ɗanɗana wannan. Kristine Bartlett, ma'aikaciyar wani gidan tsofaffi, ta shigar da ƙara a 2012 cewa ana biyanta kaɗan ne don aikin na mata ne. Kotuna suka buɗe mata hanya, gwamnati ta nemi sulhu, a 2017 majalisa ta mayar da sulhun doka: dala biliyan 2 na ƙasar a shekara biyar, ga ma'aikata kimanin 55,000, har da masu shiga gidaje. Dokar ta yi abin da ya burge ni. Ta jera matakan albashi ta ɗaure su da shaidar horo da shekarun aiki, daga dala 19 zuwa 23.50 a Yulin 2017, su hau zuwa 21.50 da 27 a 2021. A lokacin mafi ƙarancin albashin ƙasar dala 15.75 ne. Matan da suka shekara ashirin a mataki guda suka ga ƙarin da ba su taɓa sa rai da shi ba, kuma gwamnati ta sa kuɗin a kasafi, ba ta bar kamfanoni da jidali ba.

Sai wa'adin dokar ya cika a 2022. Aka ɗan tsawaita ta da ƙarin kashi 3 cikin 100, a shekarar da tsadar kaya ta haura kashi 7. Zuwa Afrilun 2023 mafi ƙarancin albashin ƙasa ya kai dala 22.70, ya tsallake matakin farko na masu jinya. Ratar dala 3.25 da aka shekara biyar ana fama kafin a samu ta narke kamar ba a yi ba. Ƙungiyoyi suka shigar da sabuwar buƙata, ana ta jan ƙafa a kanta, sai a Mayun 2025 gwamnati ta gaggauta wata doka cikin kwana biyu ta soke buƙatu 33 da ke kan layi, har da tasu.

Maganin wannan ciwo kuwa an san shi: a bar rubuta dala, a rubuta rata. Jihar Maine ta Amurka ta yi haka a 2021. Ta ce kuɗin aikin da take lissafawa cikin abin da take biyan kamfanoni kada ya gaza kashi 125 cikin 100 na mafi ƙarancin albashin jihar, wanda shi kuma yake hawa da tsadar rayuwa duk shekara. Irin abin da masu fafutukar Niyok suka nema ke nan tun farko aka hana su, kuma a ganina don an gane nauyinsa ne aka hana. Rata tana ɗaure hannun mai kasafi shekara bayan shekara, adadi kuwa ana iya barinsa ya tsufa a inda yake ba tare da kowa ya ɗaga hannu ya ce a rage ba.

A yanka kaso

Hanya ta biyu ba ruwanta da nawa za a biya, guga take sa wa ido. A Afrilun 2024 hukumar tarayya mai kula da Medicaid ta fitar da ƙa'idar da aka fi sani da 80/20: cikin kuɗin da ake biya na jinyar gida, aƙalla kashi 80 cikin 100 su tafi ga ma'aikaciya, wato albashinta da alawus da harajin da kamfani ke biya a kanta. An ba jihohi shekara shida, zuwa 2030. An yarda a cire kuɗin horo da na tafiya da na safar hannu da takunkumi kafin a yi lissafin, an kuma bar wa jihohi damar sassauta wa ƙananan kamfanoni.

Amfaninta ɗaya ne, kuma na gaske ne: tana tilasta a buɗe littafi. Kamfanin da ke karɓar dala 30 yana ba ma'aikaciya 15 zai sha tambaya. Sai dai kashi 80 na ƙaramin abu ƙaramin abu ne. A ce jiha tana biyan kamfani dala 18 a awa, kashi 80 dala 14.40 ke nan, kuma a ciki za a cire haraji da inshora kafin a zo kan albashi. Ko ɗigo ƙa'idar ba ta ƙara a rijiya ba. Ma'aikaciya kuma ba ta da yadda za ta duba takardarta ta gane an cika kason, wannan aikin akanta ne. Ga ƙaramin kamfanin ƙauye mai majinyata talatin, wanda hayar ofis da mai lissafi ke cinye masa kaso mai yawa, an auna shi da mudu ɗaya da katafaren kamfanin birni.

Babban rauninta shi ne ƙa'idar hukuma ce, majalisa ba ta kaɗa mata ƙuri'a ba, kuma masu jinya a Amurka sun san bambancin a jikinsu. A 1974 majalisa ta shigar da 'yan aikin gida cikin dokar albashi ta tarayya, amma ta ware masu zaman ɗebe wa tsofaffi kewa, ma'aikatar ƙwadago kuma ta faɗaɗa fassarar har ta haɗiye masu jinyar da kamfanoni ke turawa. Evelyn Coke, 'yar asalin Jamaika da ta shafe fiye da shekara ashirin tana wannan aiki a Niyok, ta kai ƙara tana neman kuɗin awannin da ta yi fiye da ƙa'ida. A 2007 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka ce fassarar ma'aikatar ta zauna. Ta rasu a 2009 ba ta ga gyara ba. Gyaran ya zo a 2013 ta hanyar sabuwar ƙa'ida, ya fara aiki a 2015, sai ga shi a Yulin 2025 ma'aikatar nan dai ta gabatar da shirin janye shi. Alƙalamin da ya rubuta 80/20 irin wannan alƙalamin ne.

A kafa tebur, a ɗaure shi da kasafi

A hanya ta uku majalisa ba ta yanka adadi da kanta. Zama na dindindin take kafawa, ta faɗi wa da wa za su zauna, yaushe za su dawo, da abin da zai faru da hukuncinsu. Wanda na fi yarda da shi na jihar Washinton ne, ta gabar yamma, ba babban birnin ƙasar ba.

Tun 2001 masu ƙuri'a a jihar suka amince da ƙudurin da ya ba masu jinyar gida damar ciniki a ƙungiyance. Lambar ƙudurin, 775, ita ƙungiyar ta ɗauka ta zama sunanta, SEIU 775. Dokar 2018 ta sake fasalin abin: kamfani ɗaya ya zama ubangidan duk masu jinyar da majinyata ke zaɓa da kansu, waɗanda da yawansu 'ya'ya ne ko dangi, aka kuma kafa kwamitin yanka farashi. Masu ƙuri'a a ciki huɗu ne, wakilin gwamna, da na ma'aikatar jin daɗin jama'a, da na kamfanin, da na ƙungiyar. In sun yi kunnen doki akwai na biyar mai raba gardama. 'Yan majalisa da wakilan tsofaffi da naƙasassu suna zaune suna ba da shawara. Duk shekara biyu kwamitin yana yanka lamba biyu, kowace da gidanta: kuɗin aiki, da kuɗin gudanarwa. A kan kuɗin aikin ne ƙungiya ke zama da kamfani a raba, nawa albashi, nawa inshorar lafiya, nawa ajiyar ritaya, nawa horo. Daga nan lambar ta tafi majalisa, wadda ko ta amince da ita ɗungurungum ko ta ƙi ta ɗungurungum, ba ta da ikon yi mata ƙwange. Wata dokar kuma ta ce ƙarin da aka samu a nan sai an ba kamfanonin jinya masu zaman kansu kwatankwacinsa don ma'aikatansu.

A duba abin da tsarin ya haɗa. Lambobin biyu a ɗaki ɗaya ake yanka su. An auna guga tun kafin a zura shi. Kuma akwai ranar dawowa a rubuce, ba sai wata Kristine ta sake shekara biyar a kotu ba. Albashin farawa a can ya haura dala 20, a jihar da mafi ƙarancin albashinta dala 16.66 ne a 2025, yana kuma hawa gwargwadon awannin da mutum ya tara a rayuwar aikinsa. Ga horon awa 75 kafin a ba da shaida, abin da ya mayar da aikin sana'a mai matakai.

Ostireliya ta isa wuri ɗaya ta wata ƙofa. Hukumar Fair Work mai zaman kanta ce ke yanka albashin sana'o'i a can. Ƙungiyoyi suka nemi ƙarin kashi 25 ga masu kula da tsofaffi, hukumar ta saurari ma'aikata suna bayyana abin da yini ɗaya ya ƙunsa, ta yanke cewa an daɗe ana raina aikin don mata ke yin sa. Ta ba da kashi 15 daga 30 ga Yuni 2023, a Maris na 2024 kuma jimillar ta kai kashi 28.5 ga wasu matakai. Abin da ya hana hukuncin zama takarda kawai shi ne gwamnati ta yi alkawarin biya tun kafin a yanke shi, ta kuma ware dala biliyan 11.3 na ƙasar a shekara huɗu cikin kasafin Mayun 2023.

Cire wannan alkawari, sai a ga Jamus. A can teburin kwamiti ne mai mutum takwas, rabi na ma'aikata rabi na masu ɗaukar aiki, har da cibiyoyin coci, kuma tun 2010 ake da mafi ƙarancin albashi na masu jinya. A Yulin 2025 ya kai yuro 16.10 ga mataimaki, 17.35 ga mai horon shekara guda, 20.50 ga ƙwararre, alhali na kowa da kowa 12.82 ne a shekarar. Tun Satumban 2022 ma, kamfanin da ba ya biyan albashin yarjejeniyar ƙungiya ko makamancinsa, inshora ba ta hulɗa da shi. Guga ya gyaru sarai. Amma rijiyar na da murfi: inshora adadi ƙayyadadde take biya gwargwadon matakin rashin lafiyar mutum, cikin matakai biyar. In farashin awa ya tashi fiye da kuɗin da ake ba tsohuwa, sai ta cika daga fanshonta, ko ta rage ziyara, 'yarta ta ajiye aiki ta cike gurbin. Wannan ya fi komai damuna a cikin batun nan gaba ɗaya, domin yana haɗa mai jinya da majinyaciyarta faɗa a kan kuɗin da dukkansu ba su da shi. Matan Gabashin Turai da iyalai ke ɗauka kai tsaye su kwana a gida kuwa, wannan albashin bai ma shafe su ba.

Tebur yana da wasu aibobin da ba zan ɓoye ba. Yana da jinkiri. Yana kuma buƙatar ƙungiya mai ƙarfi, alhali masu jinya kowace a gidan wani take, wata sai ta shekara ba ta haɗu da abokiyar aikinta ba. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2014 a shari'ar Harris da Quinn, wanda ya hana a cire wa irin waɗannan ma'aikata kuɗin ƙungiya dole, ya ƙara wahalar da abin. A Kalifoniya kuma gunduma-gunduma ake cinikin, sai ka ga aiki ɗaya, albashi daban, don kawai an tsallake titi.

Akwai tambayar da hanyoyin uku duka kan tsallake in ba a tsaya a kanta ba: mece ce awa? A Niyok, mai kwana a gidan majinyaci na awa 24 ana iya biyanta awa 13 kawai, bisa zaton ta yi barcin awa takwas, biyar daga ciki babu yankewa, ta kuma samu awa uku na cin abinci. Babbar kotun jihar ta amince da haka a 2019. Doka ta ce in barcin ya katse a biya ta, amma sai ta rubuta, ta kai, ta jure fushin mai jadawali. Duk wadda ta kwana da tsohon da ruɗewar tsufa ta kama, mai tashi ƙarfe biyun dare yana laluben ƙofa, ta san yadda wannan zato yake. Dala 19.10 sau 13, a raba da 24, dala 10 ne da 'yan kai. A Ingila doka ta ce tafiya daga gidan majinyaci zuwa na wani aiki ce, amma da yawa mintocin cikin gida kawai ake lissafa musu. Niyuzilan sai da ta yi doka ta musamman a 2016 kan kuɗin tafiyar nan. Ostireliya tun Yulin 2022 ta ce in an kira mai jinyar gida aiki, a biya ta aƙalla awa biyu. Irin waɗannan ƙananan layuka a tebur aka fi samun su, don waɗanda suka san aikin ne ke zaune.

Sai ita kanta rijiyar. A Amurka doka ta wajabta wa jihohi biyan gidajen tsofaffi a ƙarƙashin Medicaid, mafi yawan jinyar gida kuwa ganin dama ce, shi ya sa in kasafi ya matse ita wuƙa ke fara samu. Dokar agajin korona ta 2021 ta ɗaga kason da tarayya ke biya na jinyar gida da maki 10 cikin 100 na shekara ɗaya, jihohi da dama suka ƙara albashi da kuɗin da aka san zai ƙare. Dokar kasafin da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 kuma an ƙiyasta za ta rage fiye da dala biliyan 900 daga Medicaid cikin shekara goma. Duk alkawarin albashin da ke rataye da kasafin shekara-shekara, a cikin wannan iska yake tsaye. Mu 'yan Najeriya ba baƙin wannan ba ne: an sa hannu a dokar naira 30,000 a 2019, wasu jihohi suka shafe shekaru ba su biya ba, don dokar ta faɗi adadi ba ta faɗi inda kuɗin zai fito ba. Ta naira 70,000 ta 2024 ma ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, balle yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye ta zauna da Hajiya.

To, wacce za a zaɓa?

In da ni aka miƙo wa takardar, abin da zan fara dubawa shi ne ko akwai ƙungiya mai rai a wurin. Inda take, zan sa hannu a kan tebur, da sharaɗi biyu da ba zan sassauta ba: wanda ke riƙe da baitulmali ya zauna a kansa da ƙuri'arsa, kuma doka ta faɗi abin da majalisa za ta yi da lambar da aka yanka. Kwamitin da aikinsa shawara kawai, a rubuta rahoto a ajiye a kanta, bai kai kuɗin shayin zamansa ba.

Inda babu ƙungiya, ko albashin ya yi ƙasan da ba za a iya jiran shekara biyu ba, adadi ya fi, don yana shiga jaka cikin watanni kuma kowa na iya duba shi. Amma a haɗa dabarar Nevada da ta Maine: lambobi biyu tare, a rubuce a matsayin rata sama da mafi ƙarancin albashi, babu ranar ƙarewa, kuma a duba ƙasan shafi a tabbata ba a zare wani alawus a madadinsa ba. Hanyoyin ma ba kishiyoyi ba ne. Nevada da kwamiti ta fara a 2021, shi ya bincika ya kawo shawara, majalisa ta rubuta adadin bayan shekara biyu. Ƙa'idar kaso kuwa ba zan karɓe ta ita kaɗai ba ko an yi mata ado. A bayan ɗayan biyun nan take da amfani, musamman a wuri irin Niyok inda kuɗi ke bi ta hannu biyu kafin ya sauka. Iyalin da ke da majinyaci kuma su ƙara tambaya ɗaya: in albashi ya tashi, awannin da aka yanka wa tsohonmu za su tsaya yadda suke?

'Yan'uwanmu da ke Ingila su ne wannan zaɓi ya fi kusa da su yanzu. Dokar haƙƙin ma'aikata da gwamnatin Leba ta kawo ta tanadi hukumar ciniki ta masu kula da manya, ana sa ran yarjejeniyar farko a 2028, an kuma ware mata fam miliyan 500. Tebur ne, kuma na yi murna da shi. Amma a raba fam miliyan 500 ga ma'aikata kimanin miliyan ɗaya da rabi, kowa zai tashi da fam ɗari uku da 'yan kai a shekara, ƙasa da fam ɗaya a rana. Ƙungiyar kamfanonin jinyar gida ta ƙasar ta lissafa cewa a 2025 zuwa 2026 sai an biya fam 32.14 a awa kafin kamfani ya iya biyan albashin doka na fam 12.21 da kuɗin tafiya da sauran ɗawainiya, kuma mafi yawan ƙananan hukumomi ƙasa da haka suke biya. Ramin yana nan tun kafin a zauna. An rufe bizar masu jinya ga sabbin masu nema daga waje a Yulin 2025, waɗanda ke ciki kuma zamansu na rataye da kamfanin da ya ɗauki nauyinsu, abin da ke sa da yawa yin shiru ko an cuce su. Su ne suka fi buƙatar wata murya ta yi magana a madadinsu, don haka shiga ƙungiya kafin 2028 ya fi bayanta amfani. Abu biyu za su sa wa ido a takardun da za su fito: ko kuɗin zai isa ƙananan hukumomi a keɓe da sunan albashi, yadda ba za a karkatar da shi a cike wani giɓin ba, da kuma ko mintocin da ake ɓatawa a tashar bas tsakanin gidan Misis kaza da na Mista kaza za su shiga lissafi.